Bakin Busan Lucius

"Odessa, ina bakin busana?"

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da goge masa farar rigarsa, har kwalar ta fara ƙonewa. Abin da yake nema yana cikin jakarta: ɗan baƙin bututun da ake ɗaura wa saksofon a hura. Shekara goma sha ɗaya yana busa da shi, har haƙoransa sun yi masa gurbi.

"Ban gani ba, masoyina..."

"Ƙarfe biyu za a ɗauki faifan! Faifaina na farko, Dessa!"

"Likita ya ce huhunka ba zai ɗauka ba! Jiya na wanke hankicinka, na ga jinin."

"Likitan nan ko fito bai iya ba."

"Ba wasa nake ba, Lucius! Don kai na bar gidanmu. Babana ya tsaya a coci ya ce na bi mai kiɗan shaiɗan. Kai ma so kake ka bar ni?"

Ya sumbaci goshinta, ya ɗauki akwatinsa ya fita.

Ta zauna ta saki numfashi. Duk Detroit an san mai busa a kiɗan jaz ba ya shiga ɗaukar faifai da bakin busan wani. Zai je, ya ba da haƙuri, ya dawo yana fushi. Fushi kuwa tana iyawa da shi.

Ta manta da Cleon.

Cleon, mai busan da aka ƙi aka ɗauki Lucius, yana bakin ƙofar ɗakin ɗaukar faifai yana murmushi.

"Ga nawa, ɗan'uwa. Na ƙarfe ne, bakinsa da faɗi. Sai dai fa yana cin iska... sai mai ƙirji."

Lucius ya karɓa.

Waƙa shida ya busa. A ta bakwai ya durƙushe.

A asibiti mai gangan ƙungiyarsu ya gaya mata komai. "Da nasa ne, 'yar'uwa, da rabin wannan numfashin ya ishe shi."

Ta shiga ta kama hannunsa. "Lucius, ni ce na..."

"Shhh. Na sani tun safe." Muryarsa kamar ta tsoho. "Kin taɓa yi mini ƙarya ba ki ƙona kwalar riga ba?"

"Ka yafe mini, rabin raina!"

"Ki dai saurari waƙa ta huɗun. Taki ce."

Kwana tara ya yi, ya rasu.

Faifan ya fito da bazara. Masu saye suka ce ba su taɓa jin saksofon na kuka haka ba, kamar mai busan yana yage kansa. Ta saurari ta huɗun sau ɗaya, a tsaye.

Babanta ya zo ɗaukarta, hularsa a hannu.

"Ceton ransa kika so yi, 'yata. Ubangiji ya gani."

"Ya gani, Baba," ta ce. "Shi ke hana ni barci."