Ranar da Aka Sa wa Gidan Reno Kwaɗo

Ranar da ya fara zuwa, tana durƙushe a tsakiyar falo tana ɗaure wa wata 'yar shekara biyu igiyar takalmi, ga wani goye a bayanta yana jan ɗankwalinta. Sai da ya yi sallama sau biyu kafin ta ɗago.

"Daga ofishin kula da gidajen reno nake," ya ce, yana nuna katin da ke rataye a wuyansa. "An turo ni duba."

Anti kowa yake ce mata. Yara ne suka fara, iyayensu suka ɗauka, har Mama, mahaifiyarta da ta kafa gidan renon shekara goma sha biyu da suka wuce, ta koma kiranta haka. Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da Mama, ita ke riƙe da gidan, ita da masu reno biyu da yara ashirin.

Ya ƙirga yaran, ya gwada soket ɗaya bayan ɗaya, ya juya tulun kashe gobara ya ga wa'adinsa ya wuce, ya ja layi da jan biro. A ƙofar baya ya tsaya, yana riƙe da ƙaton kwaɗon da ke jikinta.

"Ina makullin?"

"Yana wajen Mama."

"Mama tana ina?"

"Ta je ganin likita."

"To idan wuta ta tashi a kicin yanzu, sai mu jira ta dawo?"

Haushi ya kama ta. Yana fita ta ce wa masu reno, "Wannan Jan Biro ko dariya bai iya ba." Sunan ya bi shi.

Bayan sati biyu ya dawo ya tarar an gyara komai. Yana zaune yana sa hannu wani yaro ya hau cinyarsa, ya gyara zama, ya tsula masa fitsari. Anti ta toshe baki, dariyar ta ƙi ɓoyuwa. Ya dubi wandonsa, ya dube ta, shi ma ya fashe da ita.

"Ashe kana da haƙora," ta ce.

"Na gama aikin ofis," ya ce, yana rufe fayil. "Saura tambaya ɗaya, ita kuma tawa ce. Akwai wanda ya riga ni?"

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Uwar Ashirin, na wanke wando. Amma akwai abin da na ɗauko daga gidanku da ya ƙi wankuwa."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa: "Jan Biro, ka rubuta shi a rahoto. Zan duba nan da sati biyu."

Bai jira sati biyu ba. Duk Asabar da la'asar yana zuwa, su zauna a bencin ƙofar gida. Ya ba ta labarin yadda ya shiga aikin, ta ba shi labarin yaranta ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ya barci sai an riƙe masa kunne, da wadda take ɓoye cokali a safa. Bayan wata huɗu ya ce zai turo manyansa.

Mama ta ƙi.

"Mai duba ba ya zama suruki," ta ce. "Idon da ya saba neman aibi, ko a aljanna sai ya ga ƙura. Ga Yayanki, ɗan wana, shekara nawa yana binki? Shi ya sake mana rufin gidan renon bara, da hannunsa. Naka sai naka."

"Mama, Yaya yayana ne."

"Shi wancan kuma ranar da za a ce ya zaɓa tsakaninki da bironsa, za ki gani."

Anti ta yi murmushi kawai, don ta tabbata ta fi Mama sanin sa.

Wata Asabar bayan an yi ruwa, ya lura hankalinta ba ya wajen.

"Sanyin idona, me ke damunki?"

"Zan faɗa maka, amma ba da kunnen ofis za ka ji ba."

Sai ta gaya masa. A silin ɗakin barcin yara akwai wani tabo da ke fitowa duk bayan ruwa, ta shafe shi da fenti sau biyu yana dawowa. Kwanan nan kuma kullum da safe sai ta tarar da wani gari mai laushi ya zubo a kan katifun yara.

Fara'ar fuskarsa ta ɗauke. "Ki fitar da yaran daga ɗakin."

"In kai su ina? Ka fi ni sani, lasisinmu ya ce sai da ɗakin barci daban. Kuma Yaya ya kawo takardar injiniya cewa rufin lafiya yake. In na tayar da maganar, Mama za ta ce na ƙaryata ɗan wanta saboda kai."

"Bari in leƙa ɗakin."

"A'a. Ba mai duba na gaya wa ba. Ka ba ni lokaci, zan san yadda zan yi da Mama."

Ya miƙe tsaye. Da zai tafi ya ce, "Allah ya kai mu," bai ƙara komai ba.

Ranar Litinin da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar gidan reno. Wata jami'a ta fito da mutum biyu, ɗaya yana ɗauke da tsani. Ba su dubi soket ba, ba su dubi kicin ba, kai tsaye suka tambayi ɗakin barci.

Kafin azahar an kira iyaye. Anti tana tsaye a bakin ƙofa tana miƙa jakunkuna, tana kallon iyayen da suka saba tsayawa hira da ita suna fizgar hannun 'ya'yansu ba tare da sun haɗa ido da ita ba. Wata uwa ta ce, "Amana muka ba ki, Anti." Jami'ar ta manna takarda a ƙofa, an dakatar da lasisi har sai injiniyan ofis ya buɗe silin, sannan ta sa kwaɗo.

A ƙasan takardar aka rubuta cewa bisa rahoton wani jami'i ne, ga sa hannunsa a gefe. Anti ta san wannan sa hannun. Ta sha ganinsa a ƙarshen 'yan wasiƙun da yake saka mata a cikin littafi.

Ba ta yi kuka a wajen ba. Sai da ta isa gida ta ga Mama zaune da kwafin takardar a cinya, shekara goma sha biyu na wahalarta a cikin layi biyar.

"Wa ya gaya musu?" Mama ta tambaya.

"Ni na gaya masa."

Mama ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta dube ta kawai, kuma hakan ya fi ciwo.

Wayarta ta yi ta ƙara. Ta ƙi ɗauka. Saƙo ya shigo: "Don Allah ki saurare ni ko na minti biyar ne."

Ta rubuta masa: "Na ɗauko abin da ke cikina na ajiye a tafin hannunka, ka kai shi ofis ka buga masa hatimi. Kana zaune kusa da ni ka san abin da za ka yi, ka ce min Allah ya kai mu. Ka ci amanata. Kada ka sake kirana da sunan da kake kirana."

Kwana goma gidan reno yana rufe. Ta kan farka da sassafe kamar kullum, ta ɗaura ɗankwali, sannan ta tuna ba inda za ta. Abin da ya fi cinta shi ne har yanzu in wani abin dariya ya faru, shi take fara tunanin gaya wa.

Yaya kuwa kullum yana gidan Mama. Ya kawo wa Mama maganin gwiwa, ya zauna yana girgiza kai.

"Ƙanwata, bare bare ne. Ki bar min komai. Na san mutane, za a cire takardar nan ba tare da an taɓa silin ba. In ya so sai mu yi maganarmu, ni da ke."

Don ta huce haushi, saura kaɗan ta ce to. Amma da ofis ya sa ranar zuwan injiniya, Yaya ya ce a nemi ɗagawa. Aka sake sa rana, ya sake cewa a ɗaga.

"Yaya, in rufin lafiya yake, me zai hana a buɗe a gani, mu huta?"

"Ke ba ki san aikin gini ba," ya ce, yana laluben makullin motarsa.

Wannan karon ba ta nemi ɗagawa ba. Ranar Alhamis ta riƙo hannun Mama har ɗakin barci. Injiniya, wani dattijo mai furfura, ya hau tsani ya ɓalle allon silin guda. Gari ya zubo masa a ka. Ya haska fitila, ya sa ɗan yatsa a jikin katakon da ke riƙe da rufin, yatsan ya shige har gindi.

"Hajiya, wannan katakon ya girmi 'yarki," ya ce. "Gara ta cinye cikinsa, fenti kawai aka shafa masa. Ruwa ɗaya mai iska ya ishe shi. Wa ya ce miki an sake shi?"

Mama ta miƙa masa takardar da Yaya ya kawo. Ya karanta, ya juya ta. "Mai wannan sunan abokin aikina ne. Ya bar aiki shekara uku kafin ranar da ke jikin takardar nan."

Mama ta dubi ƙasa. Katifu shida ne jere daidai ƙarƙashin katakon, kowace da ɗan bargonta. Ta zauna a kan ɗaya daga ciki.

"A bayana na goya shi," ta ce a hankali. "Da uwarsa ta rasu, ni na goya shi."

Aka kira Yaya, waya a kashe.

Jami'ar, wadda ta zo tare da injiniyan, ta ja Anti gefe. "Ba huruminmu ba ne, amma gara ki sani. Ranar da ya kawo rahoton ya faɗa wa oga abin da ke tsakaninku, ya ce a cire shi daga fayil ɗinku. An ba shi takardar gargaɗi don bai faɗa da wuri ba, an mayar da shi wani reshe."

Sai da ta kwana uku kafin ta tura masa: "Asabar, la'asar. Ba wai na huce ba ne."

Ya zo a rame. Ya zauna can ƙarshen benci.

"Ka ceci yarana," ta ce. "Wannan har in mutu ina gode maka. Amma ka zauna a nan ka ɓoye min. Da ka ce, Anti, Litinin zan kai rahoto, da na yi fushi, amma da na kira iyayen da bakina. Da ba a ce na ci amana a gaban mutane ba."

"Gaskiyarki."

"To me ya sa?"

"Tsoro na ji," ya ce. "Na san in na faɗa miki za ki roƙe ni in jira, ni kuma ban taɓa iya ce miki a'a ba. Sai na guje miki. Rahoton ba na nadamarsa, ko gobe zan sake rubuta shi. Shirun da na yi miki shi ne laifina, kuma ba ni da abin kare kaina."

Ta share ido da bakin mayafi. "Ni ma sau biyu na shafa fenti a kan abin da na san ba daidai ba ne. Ba Yaya kaɗai ya rufe ba."

Ya ɗan matso daga ƙarshen bencin. Can ya ce, "An ba ni izinin kiran sunan?"

"Ba yau ba."

Sai bayan wata guda, ranar da aka gama sabon rufi, injiniya ya sa hannu, jami'ar ta cire kwaɗonta, Anti ta tura masa: "Sha bakwai sun dawo, uku iyayensu sun ƙi. Sai ka gyara lissafin sunan."

Amsa ta zo nan take: "Uwar Sha Bakwai, sanyin idona, ko ɗaya ne ya dawo ina nan."

Mama da kanta ta aika a kira shi. Ya durƙusa a gabanta, kansa a ƙasa.

"Na ce ba na son ka, kuma a lokacin har zuciyata na faɗa," ta ce. "Wanda na raina da hannuna ya kusa sa ni binne 'ya'yan mutane, kai da na ƙi ka hana. Ka turo manyanka. Amma ka riƙe wannan: duk abin da ka gani a gidanka, mai daɗi ko mara daɗi, ita za ka fara faɗa wa."

"Na yi alkawari, Mama."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yaya bai zo ba, Mama kuma ba ta tambaye shi ba, ko da yake Anti ta ga tana waiwayen ƙofa sau da yawa. Yaran gidan reno suka zo da iyayensu, suka cika wajen da gudu da kuka, har da uwar nan da ta yi mata maganar amana, wadda ta rungume ta ta daɗe ba ta sake ta ba.

Da za a tafi da amarya, Mama ta kama hannunta ta sa a nasa, ta haɗa ta riƙe da nata biyun.

"Allah ya yi muku albarka," ta ce. "Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare ku daga ɓoye wa juna gaskiya."

Suka amsa da amin tare. Ya buɗe mata ƙofar mota, ta shiga ta matsa ta bar masa wuri kusa da ita.