Hannayen Mai Raba Karta

"Ki tambaye ta mana, Mama! Ki ce ta faɗi aikin da take yi a otel ɗin!"

Nansubuga na durƙushe a tsakar gida tana feren matoke, ɗanyar ayabar da ake dafawa. Ba ta ɗago ba.

Prossy ce mai maganar, shugabar mawaƙan coci, wadda duk unguwar Kireka ta san Kasozi, saurayin Nansubuga, take so tun suna ajin Lahadi. Ta sauke takunkumi zuwa haɓa, ta miƙa wa mahaifiyar Kasozi waya.

Hoto ne. Nansubuga cikin baƙar falmaran, a bayan koren teburi, karta a hannunta.

"Caca..." Mama ta faɗa a hankali. "Ɗiyata, ke ce wannan?"

"Ni ce, Mama."

"Ba karɓar baƙi kike yi ba?"

"Karta nake rabawa. Gidan cacar yana ƙarƙashin otel ɗin."

Prossy ta tafa hannu. "Kin ji ko? Amaryar ɗan dattijon coci!"

Mama ta mayar da wayar kamar mai zafi. "Ajiye wuƙar. Ki koma gidan Sengarki, gwaggon da ta riƙe ki. Ranar Lahadi ki dawo, baban Kasozi zai yanke magana."

Nansubuga ta ajiye wuƙar. Ta tafa hannu sau ɗaya, ta nuna tafinta, ta juya bayansa, sannan ta miƙe. Ba ta ma san ta yi ba.

Haka ake koya musu a wurin aiki. Duk mai raba karta, kafin ya bar teburi, sai ya tafa ya nuna wa kamara cewa bai ɗauki komai ba. Abin ya bi jikinta har ko cokali ta ajiye sai ta yi.

Kasozi ya cim mata a hanya, yana haki, don an hana 'yan acaɓa ɗaukar mutane.

"Zuciyata, tsaya!"

"Kai ka ce musu otel."

"To ai otel ne..."

"Kasozi."

"Na ji tsoro ne, masoyiyata. Na ce bari su fara sanin halinki."

"To yanzu sun sani."

Tun da annoba ta shigo aka rufe gidajen caca na Kampala. Manajansu ya tara su ya ce ba abin da ke shigowa, kowa ya nemi abin yi. Ƙwallon Turai ma ta tsaya, shagunan cacar ƙwallo suka sa kwado. Kasozi mai gyaran waya ne, yakan ba ta labarin mazan da ke kawo masa waya suna roƙo ya yi sauri, don su zuba kuɗi kan ƙungiyoyin wata ƙasa da ba su iya faɗin sunanta ba. Shi ya kai ta gidansu ta riƙa taya Mama sayar da abinci, har Mama ta fara kiranta ɗiyata.

"Baba ba zai yarda ba," in ji shi. "Kin san wa'azinsa a kan caca. Amma ni ba zan bar ki ba, ko da..."

"Kar ka rantse. Mamarka ce."

Akwai abin da ta sani wanda bai sani ba, kuma a bakinta yake a lokacin.

Ranar da ta fara kai wa baban Kasozi shayi ne, dattijon da ake kira Mzee Lubega. Ta durƙusa daga nesa kamar yadda ya kamaci suruka, kowannensu da takunkumi, ba ta kalli fuskarsa ba. Da ya sha rabi, sai ya ƙwanƙwasa teburi da yatsa sau biyu.

Ta ƙara masa.

Ya shimfiɗa tafinsa, ya wuce da shi ta saman kofin.

Ta tsaya.

Haka mai wasa ke cewa a ƙara masa karta, haka kuma yake cewa ya isa. Ta ajiye butar, ta tafa, ta nuna tafinta. Sai a lokacin suka kalli juna.

Shi ne mutumin Alhamis, mai hular hana sallama, wanda ke zama a kujerar ƙarshe ta teburinta. A gida kuwa an san duk Alhamis yana taron masu sayen kofi.

Daga ranar bai sake neman shayi a gabanta ba.

Sengarta, ƙanwar babanta da ta riƙe ta, ita kaɗai ta faɗa wa, ba tare da suna ba, amma ta gane ko wane ne.

"To ki tona shi mana! Shi ya zauna ya yi miki shari'a?"

"Ba mu san kowa a waje ba, Senga. Ko a kasuwa muka haɗu, ba ma gaishe su."

"Dokar gidan da ya kore ki? Yarinyar nan, kamara ce za ta aure ki?"

Nansubuga ta yi dariya, ta share ido. Ta juya maganar har Lahadi. In ta faɗa, Mama za ta san gaskiyar da ta cancanci sani. In ta faɗa, ta sayi aurenta da mutuncin uban mijinta. Ta rasa wanne ne zaluncin.

Ranar Lahadi coci a rufe yake, a rediyo suka saurari huɗuba. Da aka gama, Mama ta kashe shi. Mzee Lubega na kan kujerarsa, Kasozi a tsaye jikin ƙofa, Prossy ta zo wai kawo littafin waƙa, ta samu wuri ta zauna.

Nansubuga ta durƙusa a kan tabarma.

"Baban Kasozi, ka ga hoton," in ji Mama. "Gidaje nawa wannan sana'ar ta rusa? Kai da kanka ka faɗa a kan mumbari."

"Na faɗa."

"To ka yanke."

Ya dubi Nansubuga. Zufa ta jiƙa gefen takunkuminsa.

"Yarinya, kina da abin faɗa?"

Ta gane tambayar. Shi ma ya san ta gane.

"Aikina ne, Baba. Ban taɓa cutar kowa da gangan ba, amma na ga mutane sun cutu a gabana, na ci gaba da rabawa. Da shi na biya wa ƙannena makaranta. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ta tafa hannu a hankali, ta nuna tafinta, ta ɗora su a cinya.

Prossy ta yi tsaki. "Dubi abin da take yi! Wa ya sani ko tsafi ne?"

"Ba tsafi ba ne," in ji Mzee Lubega. "Nuna wa kamara take yi ba ta ɗauki komai ba."



Mama ta juyo gaba ɗaya. "Kai a ina ka sani?"

Ya cire takunkumin, ya ninke shi, ya ajiye a gwiwa.

"Babu taron kofi ranar Alhamis, Maman Kasozi. A teburin yarinyar nan nake zama. Akwai ranar da ta sunkuyo ta ce min, 'Mzee, gida ya fi.' Da manaja ya ji, da ya kore ta. Ban tashi ba. Ba tsoron Allah ne ya fitar da ni daga wurin ba, kullen annoba ne."

"Baba..." Kasozi ya faɗa.

"Prossy, ɗauki littafinki," in ji Mama, ba ta ko kalle ta ba. "Abin da kika ji ma ki ɗauka, na san ba za ki bar shi a nan ba."

Da ta fita, Mama ta juyo ga Nansubuga.

"Ke. Kin sani?"

"Na sani, Mama."

"Kina fere min matoke, kina ce min Mama, kin sani?"

"Ki yafe ni."

"Ban yafe ba tukuna." Ta ja numfashi. "Da kin tona shi, da na gode miki. Kuma da ban taɓa yarda da ke ba har abada. Tashi ki duba min tukunya, ta fara kamawa."

Mzee Lubega ya ajiye dattijantakar coci kafin a nema. Mama ta daɗe ba ta yi masa magana sai ta bakin Kasozi.

An yi bikin a tsakar gidan Senga, da 'yan mutanen da doka ta yarda a tara. Prossy ba ta zo ba, sai aka yi waƙa da rediyo.

"Amaryata," Kasozi ya raɗa mata, "in aka buɗe suka kira ki fa?"

"Sai mu zauna mu yi magana. Amma wannan karon, abin da nake yi shi za ka faɗa."

"Ko da shara ce."

"Ko da karta ce, Kasozi."

"Ko da ita ce."

Safiyar farko da suka je gaisuwa, ta durƙusa daga nesa ta zuba wa surukinta shayi. Ya sha rabi. Yatsansa ya ɗago saman teburi, ya tsaya a iska.

Mama na kallonsa.

Ya sauke hannun.

"Ɗiyata," ya ce, "ƙara min kaɗan."