Tsagar Gida Mai Lamba Tara

Magina suna cewa gara ka haɗu da mai karɓar haraji da ka haɗu da Mai Guduma. Dillalai kuwa idan suka hango shi da 'yar jakarsa, sai su ce ciniki ya mutu. Shekara talatin yana duba wa mutane gidaje, yana ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne kamar likita. Matarsa ta ce ko ɗakin kwanansu sai da ya samo masa aibi.

Ranar Talata da safe aka tsinci gawarsa a magudanar ruwa, bayan sabuwar unguwar da gidajenta suka yi kama da juna kamar an tsaga kara.

Sufeto ya tsuguna, ya duba gawar. Rauni ɗaya ne a ƙeya. Babu waya, babu guduma. A ƙarƙashin farcensa akwai busasshen farin siminti.

"Santsi ne ya kwashe shi, ranka ya daɗe?" in ji Kofur.

"Dubi takalminsa. Babu laka. Kawo shi aka yi."

Matar marigayin ta tarbe su da idanu jajur. Sufeto ya bar ta ta yi maganarta har ta ƙare.

"Gida mai lamba tara ya ce zai je. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kira shi daga ƙasar waje. Shekara goma sha ɗaya tana aiki a can, ta sayi gidan ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, ƙaninta ne idonta. Jibi 'yan haya za su tare, har da yara huɗu, shi ne ta ce a duba mata."

"Mama, simintin da ke farcensa fa?" in ji Sufeto.

"Aikinsa ke nan, ɗana. In ya ga tsaga a bango, sai ya manna ɗan siminti a kai, ya rubuta rana da lokaci da ƙusa. In ya koma ya tarar ya rabe, to bangon tafiya yake yi."

Dillalin unguwar mutum ne mai yawan murmushi, amma yau gumi ya fi murmushin yawa.

"Ni sayarwa na yi, ranka ya daɗe, ban gina ba."

"Ka ga marigayin jiya?"

"Ko inuwarsa."

Sufeto ya dubi allon makullai da ke bayansa. Ƙusa biyu ne babu komai a kansu.

"Na tara yana hannun mai shi," in ji shi. "Na sha shida fa?"

"Gidan da muke nuna wa masu saye ne. Ƙila makullin ya faɗi."

"Ƙila," in ji Sufeto, ya rubuta.

Ƙanin matar ya zo ofis da kansa, tsaf-tsaf, yana ƙamshin turare, da takarda a hannu.

"Jiya ya duba, ya sa hannu, ya tafi da ƙarfe goma sha biyu. Daga nan ban sake sa shi a ido ba. Ga rahotonsa."

Layi uku ne kacal. Gida lafiya, babu aibi.

Bayan ya fita, Kofur ta taɓe baki. "Mai Guduma ne zai shiga gida ya fito da layi uku? Ko bandaki ka ba shi sai ya cika shafi."

Washegari da ƙarfe goma Sufeto ya sa ƙanin ya buɗe musu gidan. Lambar da ke jikin ƙofa tana lilo, sukurorinta sun yi sako-sako kamar an saba cire ta. Falon duhu ne, da sanyi, da warin sabon fenti. Bango ɗaya ne kawai aka shafa.

"Kira yayarka ta bidiyo," in ji Sufeto.

"Tana bakin aiki yanzu."

"To ni bari in gwada."

Bugu biyu ta ɗauka. Fuskar mace ce da ta gaji, da farar rigar asibiti. Sufeto ya gabatar da kansa, ya juya wayar yana tafiya da ita a hankali, daga ƙofa zuwa taga.

"Tsaya, Sufeto. Ina rana?"

"Wace rana?"

"Kullum ƙarfe goma Auta yake kirana, lokacin hutuna. Rana tana shimfiɗe a tsakiyar falon, har na ce nan zan ajiye kujerata in na tsufa. Na san gidana kamar tafin hannuna. Wannan ba shi ba ne."

Sufeto ya leƙa ta taga. A ƙetaren titi, gida mai lamba goma sha shida yana fuskantarsu, rana ta haske tagoginsa tar.

"Hadari ne, Yaya," in ji Auta.

Babu ko ɗigon gajimare a sama.

Kofur ta ɗauki makulli ta fara kankare sabon fentin. Ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. A ƙarƙashinsa tsaga ce tun daga ƙasa har rufi, wadda yatsa zai shiga, an cusa mata takardun buhun siminti. Ƙasa-ƙasa kaɗan sai ga ɗan farin manne, da rubutun ƙusa: Litinin, 9:00. Ya rabe gida biyu.

A samansa akwai wani: Litinin, 3:00. Shi ma ya rabe.

Wani abu ya yi ƙara a cikin rufin, yashi ya zubo a kafaɗar Sufeto. Bai motsa ba.

"Mutumin da ya tafi da sha biyu, yaya aka yi ya yi rubutu da ƙarfe uku?"

Sufeto ya juya ya dubi Auta.

"Kuma dillali yana ofishinmu tun safe. Ya tuna wanda ya ara wa makullin gidan can."

Auta ya zauna daɓas a kan matakalar bene.

"Da araha aka ba ni shi, saboda tsagar. Na ce mata lafiyayye ne, ragowar na zuba a kasuwa, kasuwar ta cinye. In zan kira ta sai in mayar da lambar a ƙofar gidan can, in nuna mata shi. Da tsohon ya dawo ya ga simintinsa ya rabe, ya ce gidan ba zai ga ƙarshen wata ba, ya ciro waya zai kira ta. Na roƙe shi. Na riƙe hannunsa, ya fizge. A nan ya faɗi."

"Ya mutu nan take?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Yana numfashi. Na tsaya ina kallonsa."

"Da 'yan hayan fa? Gobe za su tare da yaransu."



"A fita," in ji Sufeto. "Kofur, a zagaye gidan da igiya, kada kowa ya kusanto."

A bakin mota, bayan an sa masa ankwa, Sufeto ya lura wayar tana kunne a hannunsa. Yayar ba ta kashe ba. Ba kuka take yi ba, kallo kawai take yi.

"Ni na goya ka, Auta," ta ce.

Ya ɗago ido da ƙyar.

"Yaya, na cuce ki, na cuci bawan Allah. Ki yafe mini."