Ƙusoshi Talatin da Biyu

Ƙarfe tara na safiyar Talata aka bugo wa Sufeto waya daga gidan baje kolin zane-zane na babban birni. An sace zanen da ya fi kowanne daraja a gidan, na wata mata tana wanki a bakin rafi. Wai har an kama ɓarauniyar.

Sufeto ba ya son aikin da aka gama masa tun bai iso ba. Ya tarar da Darakta, wani ƙaton mutum mai ƙamshi kamar ya faɗa kwalbar turare, yana ta safa da marwa. A ƙasa kuma ga wata dattijuwa zaune da ankwa a hannu. Ita ce mai sharar gidan.

"Jiya ba mu buɗe ba," in ji Darakta. "Ita kaɗai ta shigo da rana, ita ke da makulli. A kai ta kotu yau-yau."

"Ranka ya daɗe, kotu ba ta gudu," in ji Sufeto.

Katakon da aka ɗame ƙyallen zanen a kansa yana jingine da bango, fayau. Sufeto ya tsuguna. A saninsa, ɓarawon zane reza yake sawa ya yanke ƙyallen ya ƙara gaba. Wannan kuwa zama ya yi ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a murfin kofi. Talatin da biyu, ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

Ya koma wurin dattijuwar. Hannunta rawa yake yi, irin rawar tsufa, har ankwar na ƙara. Wannan hannun ko zare ba zai zura a allura ba. Nan take Sufeto ya ƙudurta matar nan ba za ta kwana a caji ofis ba.

"Inna, me kika gani jiya?"

"Ɗan nan, ban ga komai ba. Jikoki uku nake riƙo, in aka rufe ni wa ke gare su?"

"Ba za a rufe ki ba. Tuna dai."

"Na ji na'urar sanyi tana aiki a ɗakin gyara. Na ce ko Malam ne ya manta da ita a kunne."

Malam shi ne mai gyaran zane na gidan, siririn tsoho mai tabarau, shekararsa talatin yana wanke zane da auduga. Sufeto ya same shi a ɗakinsa, sanyi ƙalau, sai warin fenti.

"Kafin yau, rabona da gidan nan tun Juma'a," in ji Malam.

"To wa ya kunna na'urar?"

"Wataƙila ita."

"Kana nufin ita ta ɗauki zanen?"

"Ban ce ba, Sufeto. Amma ka san talauci."

Maganar ta ƙona wa Sufeto rai, amma bai nuna ba. Idonsa na kan wasu bututan kwali da ake naɗe takardu a ciki, sun kai ashirin, an jibge su a lungu. Ɗaya kaɗai, mai kauri, aka kwantar a kan soso daidai inda sanyin ke sauka.

"Me ke cikin waɗannan?"

"Fanko ne duk. Shara ce."

Sufeto bai buɗe ba. In ya zaro zanen da hannunsa, Malam zai ce Inna ce ta ɓoye shi nan, a koma gidan jiya. Bakin mutumin yake so. Ya sa aka shigo da Darakta da Inna, sannan ya kira Kofur ɗin da ke tsaron ta.

"Kwashe sharar nan ka kai mota. Wanda ya yi tsawo, karya shi biyu. Fara da wancan mai kaurin."

Kofur, wanda Allah ya hore wa ƙarfi bai hore masa tambaya ba, ya ɗauki bututun ya ɗora a gwiwa.

"Kada ka lanƙwasa shi!" Malam ya daka tsalle ya rungume bututun. "Fentin zai tsattsage! Sake shi, don Allah sake shi!"

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Fankon ne ke da fenti, Malam?"

Malam ya zauna a ƙasa. Da kansa ya zaro zanen, naɗe cikin farar takarda, ko ƙwarzane babu.

"Wani otal za su ba aronsa," ya ce, yana nuna Darakta. "Su rataye shi gaban gilashi, rana na dukansa tun safe. Shekara ɗaya ya gama lalacewa. Takarda uku na rubuta masa, ko amsa bai ba ni ba. Na ce in ɓoye shi har maganar ta wuce."

"Inna fa?" in ji Sufeto.

"Na ɗauka kwana biyu za su yi su sake ta."

Sufeto ya karɓi makullin ankwa a hannun Kofur, ya kwance ta daga hannun Inna, ya miƙa masa ya sa wa Malam. Darakta ya buɗe baki zai yi jawabi, Sufeto ya ɗaga masa hannu, ya haɗiye abinsa.

Inna ta murza wuyan hannunta. Ba ta yi kuka ba.

"Malam," ta ce, "shekara goma sha ɗaya ina cire takalmi kafin in shiga ɗakin nan, don kada in kawo wa zanenka ƙura. Ɗazu kana tsaye aka sa mini ƙarfen nan. Na dube ka, ka juya kana goge tabarau."

Kofur ya tasa Malam gaba, suka bi ta gabanta zuwa mota.