Askar Inna Hajara

Madina na tsugune a tsakar gida tana tsince shinkafa, sai Ajuma ƙanwar mijinta ta shigo tana dariya har da riƙe ciki.

"Matar yaya, wai lakwal za ki koma? Ke da sa'o'inki suka fara aurar da 'ya'ya? A wane benci za su zaunar da ke?"

"Wanda ya ƙi ɗaukarki lokacin da aka kai ki kika gudo," in ji Madina, ba ta ko ɗaga kai ba.

Madina ta yi lakwal, wato makarantar boko, a nan Gaya har ta ci sartifika, sannan ta auri Lawali direban kamyon, mai ɗauko kaya daga bakin kogi zuwa Yamai. Auren so ne, duk gari ya shaida. Da yake uwarta ta rasu tun tana ƙarama, ba ta da gidan da za ta je haihuwa, don haka a ɗakin surukarta Inna Hajara ta haifi 'ya'yanta uku. Inna ce ungozomar unguwa. Tana da wata aska da ta gada wurin kakarta, a naɗe cikin tsumma, da ita take yanke cibiya, ta shafa toka da busasshen kashin shanu. Duka ukun ba wanda ya kai ranar suna. Jariri zai sha nono lafiya, sai baki ya ƙage, jiki ya sanƙare, shi ke nan. Ba Madina kaɗai ke binne jarirai a unguwar ba, amma mutane, da yake bakinsu ba ya hutu, ita suka laƙaba wa "mai wabi".

Da gwamnati ta ce za ta ɗauki mata masu sartifika zuwa Yamai, ko da matan aure ne, hanya biyu aka buɗe: ko malanta, ko aikin karɓar haihuwa, wanda suke kira saji-fam. Da ƙyar dangi suka yarda da malanta. Madina ta je ta ba da sunanta a ɗaya hanyar.

"Me ya kai ki?" in ji Lawali da ya ji. "Alli da allo, wa zai zage ki? Amma wannan…"

"Maigida, ni ba aiki nake nema ba. So nake in san abin da ke kashe min 'ya'ya."

Lawali ya kasa kallonta.

Inna Hajara kuwa ba ta yi shiru ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana magana da bango, don Lawali ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa.

"A faɗa wa mai kamyon: tun kakanninmu, macen da ba ta gama haihuwa ba ba ta yanke cibiyar ɗan wata. Balle wadda nata ba sa tsayawa. Ta kashe na gida, za ta fita ta kashe na gari? In ta taka mota, ya ba ta takardarta. In ya ƙi, ban yafe nonon da ya sha ba."

Madina ta shige ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana jiran saki. Da gari ya waye Lawali ya je ya durƙusa gaban uwarsa ya daɗe, ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ya tashi ya ɗauki akwatin Madina da kansa ya ɗora bisa buhunan albasa a bayan kamyon.

"Shiga gaba," ya ce.

Daga ranar, duk cefanen da ya kawo, Inna sai ta tura wa maƙwabta.

Yamai ba ta yi wa Madina daɗi ba. 'Yan ajinsu yara ne da ba su san zafin naƙuda ba, suka sa mata suna Kaka. Faransancinta ya yi tsatsa. In ta tashi karatu sai harshe ya sarƙe, aji ya ɗauki dariya.

"Kaka, a kawo miki sanda ki dogara?"

"Ku kawo," in ji ta, "akwai kawunan da zan gwada ta a kai."

Ta dage. Abin da yara suka karanta sau ɗaya, ita sai ta maimaita har ya zauna.

Wata safiya madam ɗin da ke koya musu ta rubuta sunan wata cuta a allo, ta fara lissafa alamunta: jariri ya sha nono lafiya, sai baki ya ƙage, jiki ya sanƙare, ya mutu kafin mako. Madina ta ji kamar a ɗakinta matar ta kwana. Madam ta ce ta cibiya cutar ke shiga, in an yanke da ƙarfen da ba a tafasa ba, ko an shafa kashin dabba.

Yara na ta rubutu. Alƙalamin Madina ya faɗi ƙasa. Ta fita bayan aji ta zauna a kan turɓaya, ta ga askar nan ƙarara a idonta, da tsummanta, da hannun Inna yana shafa toka yana addu'a. Abin da ta bar gida don ta sani, ga shi ta sani, kuma da ma ba ta sani ba.

Da Lawali ya zo da kaya ya biyo ya gan ta, ba ta bari ya gama gaisuwa ba.

"Askar uwarka ce. Ba wabi ba ne, ba iska ba ce. Askar uwarka ce ta kashe su, ni kuma na sha zagin."

Lawali ya miƙe. "Na ɗauki fushin uwata saboda ke, abin da za ki saka min da shi ke nan?"

Ya tafi. Damina ta shigo ta wuce, kamyonsa na shiga Yamai yana fita, bai leƙo ba. Madina ta rame har madam ta tambaye ta ko ciwo take. Ga 'ya'ya babu, ga miji ya juya baya, ga gida ba na komawa ba. Sau da yawa ta naɗe kayanta, sai ta tuna ba ta da inda za ta kai su, ta kwance ta koma aji.

Bayan girbi sai ga Lawali da ƙullin busasshen kifi. Shi ma ya faɗa. Ya zauna nesa da ita yana kallon ƙasa.

"Na tambayi wani likita a hanya. Ya ce haka ne." Hawaye suka zubo masa. "Amma Madina, Inna ce ta yi musu wanka, ita ta fi kowa kuka. In ta ji, ba za ta ƙara kwana da lafiya ba."

"To ni fa? In mutu da sunan mai wabi?"

"Ban san abin da zan ce miki ba."

Ta dubi hawayensa. "Ba za ta ji daga bakina ba," ta ce.

Ta gama karatu aka turo ta gidan likita na Gaya. Kada ka ce wahala ta ƙare. Ta share ɗaki, ta tafasa almakashi, ta zauna tun safe har la'asar, ba macen da ta leƙo. Masu ciki in sun hango ta sai su sake hanya. A gida Inna ba ta cin girkinta. Kullum maganar askar na bakin Madina kamar garwashi, kullum tana haɗiyewa.

Ana haka naƙuda ta kama Ajuma da hantsi, a ɗakin uwarta. Madina ta ji kukan jariri, sannan ta ji motsin murfin kwalla, inda askar take. Ta sauke tukunyar da ta tafasa almakashi, ta shiga ba sallama, ta durƙusa.

"Fita," in ji Inna. "Kada ki taɓa shi."

"Ba zan taɓa ba, Inna. Ban isa in yanke ba, ke ce mai yanka. Roƙona ɗaya, ki yanke da wannan, kuma kada a shafa komai."

Ajuma ta ɗago kai da ƙyar. "Inna, ki yi yadda ta ce. Ina tsoro."

Tsohuwa ta dubi almakashin yana tururi, ta dubi askar da ke hannunta, baƙa ƙirin da tsatsa. Tsohuwa ce, amma ba wawiya ba ce.

"Abin da suka koya miki ke nan a can?"

Madina ta sunkuyar da kai.

"Su ukun nan…" Muryar Inna ta karye. "Ke yarinya, dube ni. Su ukun nan?"

Ga zagin shekaru, ga damar rama shi da kalma guda. Madina ta haɗiye ta.

"Allah ya ba mu su, Inna, Allah ya karɓi abinsa. Yanke, jikanki na jin sanyi."

Inna ta karɓi almakashin ta yanke.

Duk makon gidan ba mai dariya. Kowace safiya Inna sai ta sa yatsa a bakin yaron ta ji ko ya ƙage. Bai ƙage ba. Ranar suna aka yanka rago, aka raɗa masa Alassan. Da mutane suka watse, Inna ta fito da ƙullin tsumma ta ajiye gaban ɗanta.

"In ka hau jirgin fito, ka jefa wannan a tsakiyar kogi." Sannan ta juya wajen Madina. "Ɗiyata, zubo min tuwonki."

Madina ba ta ƙara haihuwa ba, kuma wannan ciwon bai bar ta ba har tsufanta. Amma Inna da kanta ta riƙa jan masu ciki tana kai mata, Lawali kuwa bai taɓa yi mata gori ba.

To, 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Girma ba ya hana komawa aji, kuma abin da ya fi ci maka rai shi ya cancanci ka karanta. Amma in ilimi ya ba ka abin da za ka karya wani da shi, ka danne zuciyarka. Da Madina ta faɗi kalmar nan, da ta wanke sunanta ta rasa gidanta, askar kuma tana nan cikin kwalla tana jiran jariri na gaba.