Foldar da Na Ja Zuwa Dama

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma akwai wadda idan ta gani dariya za ta yi. Amma abin ya daɗe a ƙirjina, gara in sauke shi.

A shagon Yayana na fara ganinsa. Shagon buga takardu ne, ni ce mai jera su. Ya shigo da kwamfuta a hammata yana neman wurin caji, Yaya ya ba shi teburin bakin taga. Sana'arsa haɗa wa mutane shafin intanet.

Kwana uku yana gaishe ni ina amsawa da ka. Ran na huɗu ya ce, "Yaya, wannan ƙanwar taka sai an cike fom take magana?"

Na ɓuya a bayan inji. Daga ranar ya sa mini suna Shiru-shiru, ni kuma ina ce masa Injiniya.

Da ya ga furannin da nake zanawa a bayan takardun da suka lalace, sai ya buɗe mini bulog, ɗan shafina na intanet da zan riƙa saka su. Ya ce, "Shafi ma sai da riga, Shiru-shiru. Wannan foldar ita ce rigar naki. Zo ki ga yadda ake ɗora ta."

Ya buɗe manhajar tura fayil. Fuskar kwamfutar ta rabu biyu: hagu tamu, dama babbar kwamfutar kamfanin da ke ajiye shafuka. Ya kama foldar daga hagu, ya ja ta zuwa dama, ya saki. Wani akwati ya fito da Turanci, ya danna da sauri ya wuce. Kunya ta hana ni tambaya. Sai na haddace inda yatsansa ya bi: ƙaramin gidan da ke ƙasan akwatin, sannan maɓallin farko. Haka nake koyon komai, da ido.

Bayan wata biyar ya turo mini saƙo: "Shiru-shiruna, yau da ba ki zo ba shagon duhu ya yi mini. Na gaya wa Mama zancenki. Ki yi mana addu'a."

Na daɗe ina haɗa amsa: "Allah ya zaɓa mana alheri Injiniya. Ina jin tsoro."

Mamansa ba ta ce a'a ba, ta dai ce sai abin da Antinsa ta gani. Anti ce babbar yayarsa, ita ta ɗauki nauyin karatunsa bayan rasuwar babansu. Tana sayar da kayan sawa ta wani shafi da shi ya haɗa mata, kuma ta riga ta zaɓar masa ƙanwar ƙawarta mai digiri.

Ta zo shago ta ƙare mini kallo. "Ke ce? A ina kika gama?"

"Firamare, Anti."

"To, sannu."

Wannan sannun ta hana ni sukuni. Na ƙudura sai na nuna ba da ka kaɗai nake amsawa ba.

Wata Talata da hantsi Injiniya ya bar kwamfutar ya tafi wurin wani kwastoma. Na saka sabon zanen furena a cikin foldar rigar, na buɗe manhajar. Ban san da kanta take komawa shafin da aka taɓa na ƙarshe ba. Na Anti ne. Rigarmu iri ɗaya ce, sunan foldar ɗaya. Na ja, na saki. Akwatin ya fito, na bi sawun yatsansa. Fayiloli suka dinga wucewa ina murmushi.

Ashe akwatin tambaya yake ko a danne na ciki, ni kuma na ce a danne duka. Gyaran wata huɗu da ya yi wa shafin Anti a can ɓangaren dama ya yi shi, bai ajiye kwafi ba. Furena ya haye saman shafinta, maɓallin oda ya ɓace, a makon da ta tallata sabbin kaya.

Tare suka shigo shi da Anti, shago cike da mutane. Ya duba, ya dafe kai.

"Ai ya tambaye ki! Ba ki karanta ba ne?"

Anti ta ce, "Da me za ta karanta?"

Wani ya yi dariya. Na dubi Injiniya. Ya sunkuyar da kai yana kallon kwamfuta, bai ce uffan ba. Maganar Anti ta yi zafi, amma shirunsa ne har yau na kasa mantawa.

Na daina zuwa shago. Da Baba ya ji, ya ce, "Gidan da za a auna mini 'ya da takarda, ba zan kai ta ba. Magana ta ƙare."

Kwana goma sha tara sannan saƙonsa ya zo: "Shiru-shiruna, na gama gyara shafin. Laifina ne. Ban ajiye kwafi ba, ban taɓa gaya miki abin da akwatin ke cewa ba. Ba na iya cin abinci. Ki yafe mini."

Ban amsa ba. Ya zo ƙofar gidanmu da la'asar, duk ya rame.

"Ko kallona ba za ki yi ba, ranki ya daɗe?"

Na ce, "A gabanta ka yi shiru. A waya ka iya magana. In da gaske kake, ka faɗa a gabanta."

Bai taɓa jin na yi magana mai tsawon haka ba. Ni ma ban taɓa ji ba.

Ya roƙi Ummana ta raka ni falon Mama. Anti na zaune. Ya maimaita duk abin da ya rubuto, ya ƙara da cewa, "Kuma ita zan aura, Anti. Ki yi haƙuri."

Anti ta ɗauki jakarta. "Na yi maka karatu don ka tozarta ni a kan wannan? An gama da kai." Ta fita.

Mama ta share hawaye, ta kama hannuna. "Zo nan, 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya huci zuciyar waccan."

Sai da Umma ta yi mako biyu tana lallashin Baba ya sauko. Aka ɗaura aure. Baba ya dafa kaina ya ce Allah ya ba mu zaman lafiya da zuri'a ta gari, kowa ya ce amin. Anti ba ta zo ba. Shafinta ma ta miƙa wa wani. Na ga angona yana gaisawa da jama'a yana dariya, idonsa na kan ƙofa. Na same shi, shi kuma ya rasa wadda ta raine shi, kuma da yatsana aka yi.

Washegari da safe na ɗauki lambarta a wayarsa na kira. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, haka. Sai na danna wurin saƙon murya na ce, "Anti, ina kwana. Ni ce. Na gaishe ki." Na tura, na kifa wayar, na je na ɗora ruwan zafi.