Rafin da Ba Ya Cikin Taswira

Nyalong ya gaji da dattawan ƙauyensu a tsibirin Borneo. Jibi masu saran katako za su iso, kuma duk rafin da ba shi da suna a taswira, dajinsa ya zama nasu. Amma dattawa sun kafe, wai ba a furta sunan.

Magariba ta same shi yana awon rafin shi kaɗai. Kwaɗi suka yi tsit. Sai ga wata tsohuwa tsaye a tsakiyar ruwan.

"Kaka, ke ma bebiya ce irinsu? Yaya sunan rafin nan?"

"Jikana sarkin gaggawa," ta ce, muryarta kamar daga cikin tulu. "Iyayenka ma ba su taɓa tambayar sunana ba."

Ya haska ƙasa. Daga ƙafafunta ruwan yake ɓulɓulowa.